Ganyen Rijiya, Daga Bebeji Zuwa Riruwai

Tun da muka dawo daga Doguwa ban sami sukuni a majalisarmu ta ƙofar masallaci ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce wai da gaske ciyawa kuka je tsinka, wani kuma tsarabar masara kawai yake nema. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki guntun da ya ba shi dariya ya yi gaba. Zan rubuta shi sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, yadda ya faru. Wanda ya karanta kada ya sake tambayata.

Sai na fara da mutanen tafiyar. Ni tsohon mai kula da sito ne a sashen gona, na yi ritaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san ajiya, na san ba a zuba iri biyu a buhu ɗaya. Sai Ummi, 'yata ta fari. Ba sunanta na yanka ke nan ba. Sunan mahaifiyata gare ta, ga shi kuma 'yar fari ce, don haka bakina bai taɓa kama shi ba. Tana koyarwa a makarantar 'yan mata, tana kuma digiri na biyu a jami'a a birni. Ta daɗe da aure, Allah bai ba su haihuwa ba tukuna. Wannan na faɗe shi ne don labarin ba zai fahimtu ba sai da shi, kuma ba zan ƙara ba. Na uku Ɗanjuma, ɗan yayata Dije, magidanci, direban haya tsakanin Kano da Doguwa. Taubashin Ummi ne, bakinsa ba ya hutawa a kanta.

Abin da muka je nema wani ganye ne da duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya ya gani. Daga tsagar bango yake fitowa, dogo, ƙananan ganyayyaki a jere gefe da gefe kamar haƙoran mataji. A boko yana da suna, a Hausarmu ta Bebeji ban san masa ba, Ɗanjuma ne ya raɗa masa ganyen rijiya. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In ya nuna sai ka ga wani abu kamar tsatsa a bayansa, in ka kaɗa shi a kan farar takarda ƙura ta zubo. Wannan ƙurar ita ce irinsa. Aikin Ummi shi ne ta gano ko ƙurar ta rijiya daidai take da ta bakin dam, da ta tsagar dutse, da ta inda ruwa ba ya yankewa: girmanta, kaurin ɓawonta, da saurin tsirarta in an shuka. Ganyen ɗaya ne, mazauninsa ne daban-daban. Duk aikin a kan doka ɗaya ya tsaya, kada na wani wuri ya taɓa na wani wuri.

Kuma kakar bana ce damarta ta ƙarshe. Bara tana kwance ba lafiya lokacin ya wuce ta. Jami'a ta ce in zangon nan ya ƙare ba sakamako, wa'adinta ya cika. Ganyen kuwa a ƙarshen damina yake nuna, ruwa na ɗaukewa ya bushe. Mijinta yana wurin aiki a nesa, ya ce in ni zan raka ta ya yarda. Na karɓi aikin ɗauri. Kowane wuri da nasa ƙullin, ganye a tsakanin tsofaffin jaridu, katako sama da ƙasa, igiya, sunan gari a takardar sama.

A nan gida muka fara, a tsohuwar rijiyar bayan gidan wani dattijo da ba zan ambata ba. Ɗanjuma ya ɗaura lauje a gora ya zura. Yankan farko duk a ruwa ya faɗa, sai da muka ɗaura kwando a ƙarƙashin laujen. Dattijon yana tsaye yana kallo.

"Malama, wannan maganin mene ne?"

Ummi ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani tiryan-tiryan, har ta kaɗa masa ƙurar a takarda. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Da ta gama ya ce, "To, madalla. Allah ya ba da lafiya."

Ɗanjuma ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma a lokacin na murmusa.

Daga nan sai Tiga. Ganyen yana nan a tsagar simintin magudanar ruwa, ya fi na rijiya faɗi da laushi. Rabin bakin magudanar an riga an yi masa feshin maganin ciyawa ya ƙone, a ɗaya rabin muka samu. Mutanen Tiga ba kamar mu ba ne. A Bebeji kafin a ba ka ruwa sai an san ɗan gidan wa ne kai. A can taron dangi ne, masunta da masu lambu da ma'aikatan ruwa, ba mai tambayarka asali. Amma tambayar magani ba su bari ba. Wani masunci ya rantse na basir ne, abokinsa ya ce ƙarya ne, na shawara ne, suka yi ta musu a kanmu kamar ba ma wurin. Muka ci soyayyen kifi da gurasa tun da hantsi, abin da cikina bai saba ba, kuma ya nuna mini bai saba ba tun kafin mu kai titi.

A Tiga ne Ummi ta nuna mini wani ɗan'uwan ganyen a cikin taɓo, mai kunne huɗu. Shi nasa irin ba a bayan ganye yake ba, a cikin wani ƙullutu ne mai tauri kamar ƙwayar wake. Ta ce yana iya shekaru a busasshen taɓo yana jiran ruwa. Na ce to shi ya san ajiya.

Kiru ce ta uku. Mun sauka a gidan wani tsohon abokin aikina, ya yi mana tuwon dawa da miyar kuka kamar a gida, ba ni da abin cewa a kai. Da safe muka bi ta gonakin rake zuwa wani falalen dutse. Ganyen can gajere ne, mai tauri, kamar yana jin haushin duniya. Ya riga sauran nuna, ƙurarsa har ta fara zubewa, Ummi ta ce da mun ƙara jinkiri da ba mu same ta ba. Ta ba ni ƙaramin gilashinta na hannu na duba. Abin da nake cewa tsatsa ashe ƙananan jakunkuna ne a cunkushe, wasu a rufe, wasu sun fashe sun wangale baki.

"Baba, in iska ta bushe sai jakar ta lanƙwashe ta harba irin," in ji ta. "Na dutse yana sauri, ya san ruwansa ba ya daɗewa."

"Likitar ciyawa," in ji Ɗanjuma. "Kawu, da kuɗin makarantar nan akuya ka saya, ita ma ta san ganye, ga nono."

"Ita akuyar ta fi ka iya ribas," Ummi ta ce masa.

A nan na kama shi ya zare jarida daga kayanmu yana goge sandar duba mai. Babu ganye a cikinta, amma na tsayar da shi na yi masa faɗan da ban yi wa kowa ba tun da na bar aiki. Daga ranar bai ƙara taɓa ƙullin ba. Ina faɗin wannan don a san ba sakaci muka yi da kayan ba.

Muka ɗauki hanya ta Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada. Ƙasar shinkafa ce, ko'ina an shanya ta har gefen kwalta, direba na tuƙi yana kaucewa abincin mutane. A ƙarƙashin wata gada muka sami ganyen, cikin inuwa da laima. Na can bai gama nuna ba, da ƙyar Ummi ta zaɓi waɗanda suka yi duhu. Wani mai maganin gargajiya a bakin kasuwa ya ga ƙullin, ya biyo mu har mota. Ya ce shi ya sani, ɗan'uwan agugu ne da ake sha don tsutsar ciki, mu faɗa masa mahaɗin kawai ba zai gaya wa kowa ba. Ummi ta ce karatu ne. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, rowar ilimi ba kyau." Ni ban je Makka ba, kuma ba ni da mahaɗi.

Shingen bakin dajin Falgore shi ne iyakar da ta fi ba mu wuya. Masu tsaro suka ga ganye a ɗaure a jarida, suka ce a sauke. Ɗaya ya kama igiyar ƙullin Kiru zai kwance a kan na Tiga. Na dafe da hannu biyu na ce sai dai a buɗe ɗaya, a rufe, sannan a buɗe na gaba. Ummi ta yi bayanin nan nata, rana na dukanmu, motoci na wucewa ana leƙenmu. Ba wanda ya gamsu. Sai Ɗanjuma ya ja babbansu gefe.

"Ranka ya daɗe, maganin mata ne. Gaban mahaifinta ne shi ya sa take ta kewaye-kewaye."

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri, da hannunsa ya taya mu mayar da kaya. Gaskiya ta tsayar da mu a rana har gumi ya jiƙa mini riga, ƙarya ta wuce da mu a numfashi ɗaya. Muka koma mota. Ummi ta juya fuskarta wajen taga.

Cikin dajin ba mu shiga ba. A gefensa, kusa da wata ruga, akwai rafi, a can muka yanka. Wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kyau, ta ce shanunsu ma ba sa cin wannan ganyen, me mutum zai yi da shi. Ita kaɗai ce a duk tafiyar ba ta ce magani ba ne. Birai kuma suna zaune a bakin titi kamar masu jiran mota, ɗaya ya ɗauke mana ledar ƙuli-ƙuli ta taga.

Doguwa sanyi gare ta tun kafin lokacin sanyi, ga duwatsu, ga masara ko'ina. A gidan Yaya Dije muka sauka. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau Auta take ce mini ko a gaban jikokina. Ta tsufa, gwiwa ta hana ta sakat, amma gidan a hannunta yake. Can ba kamar nan ba ne da baƙo ke riƙe da jakarsa. Kana shiga za a karɓe komai, takalminka ma sai ka neme shi ka tarar an wanke. Aka kai ƙullin ɗakinta don girmamawa. Aka kawo gwaten masara da zogale, aka kawo tuwo, aka ce ba mu ci komai ba.

Yaya ta shinshina ƙullin ta ce, "Wannan da laima. Zai yi fumfuna."

"Gwaggo, a bar shi a ɗaure," in ji Ummi. "In na dawo gobe zan canja masa takarda. Ba magani ba ne, na makaranta ne."

"Uhm," in ji Yaya. "Na makaranta."

Da safe Ummi na shiri a ɗaki, Yaya ta kira ni bakin murhu ta rage murya.

"Auta, zauna. Ɗanjuma ya ɗan tsegunta mini. Yarinyar nan shekara nawa yanzu a ɗaki? Wa ya ba ku wannan haɗin? Na gari-gari ne ko? Na san irinsa, sai an tsinko daga ruwa daban-daban."

Na ce, "Yaya, bar wannan maganar."

"Ni ce fa. In ba ka faɗa mini ba wa za ka faɗa wa?"

Na tashi na fita zaure. Masu cewa a majalisa da na tsaya na yi mata bayani, su faɗa mini wane uba ne a ƙasar nan zai zauna a bakin murhu ana lissafa masa cikin 'yarsa ta fari, ita tana bayan labule tana ji. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ita Yayar ce ta yi tarbiyyar.

Riruwai ce zangon ƙarshe. Mota ta kai mu inda za ta iya, muka hau acaɓa, muka ƙarasa da ƙafa ta gefen tsofaffin ramukan kuza. Inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ganyen rijiya ya kai mini cinya. Kore shar, bayansa ya yi nauyi da iri. A ƙarƙashin duwatsun Ummi ta nuna mini wasu 'yan abubuwa kore manne da laka, ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ta ce ƙurar in ta tsira wannan take fara zama, sai ya sami ruwa a kansa sannan ganyen ya fito daga jikinsa. Ta ce a ɗakin gwaji haka za ta shuka na kowane gari a faranti daban, ta ga wanda zai riga. Santsi ya kwashe ni na zauna a ruwa, ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ciwonta na bara.

Bayan la'asar muka dawo. Katakan na fara gani, an wanke su an jingine a bango. Igiyoyin an naɗe su tsaf an rataye. Yaya na zaune a tabarma, gabanta gwangwanin madara babba, an rufe bakinsa da tsumma mai tsabta.

"Kun dawo? Zo nan, 'yar nan. Na hutar da ke."

Ta ba da labarin da kanta, tana jin daɗi. Muna fita ta kwance su duka. Ta shanya a tabarma ɗaya a rana, ta yi ta juyawa har suka yi ƙaras. Ta ga wani gari ja yana zuba daga bayansu, ta ce ƙila ma shi ne ƙarfin maganin, ta share shi tas ta haɗa. Ta daka, ta tankaɗe, ta sa 'yar jar kanwa da citta don kada ya tayar da zuciya. Jaridun ta hura wuta da su.

"Ban bar surukaina sun taɓa ba," ta ce. "Na aike su gona. Sirrinki ba zai fita daga ɗakin nan ba. Ni na daka da hannuna."

Ta buɗe tafin hannun. Ya tashi ya yi ruwa, wani wurin ya fashe. Matar da ba ta iya miƙewa sai da sanda.

Ummi na tsaye da ƙullin Riruwai a ƙirji. Sannan ta ajiye shi, ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi gwangwanin da hannu biyu.

"Na gode, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

"Cokali ɗaya a kunu, da safe. Kada ki yi wasa da shi."

"To, Gwaggo."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ɗanjuma ya zauna a kan turmin. Na ce, "Yaya, wa ya ce ki taɓa?"

"Sai an ce? Na tambaye ka, ka tashi ka fita. Ai na gane."

Ba mu gaya mata ba. Ummi ce ta hana. Ta ce aikin ya riga ya tafi, kada a haɗa da tsohuwa.

Komawa muka yi ta hanyar da muka zo, wuri bayan wuri, ko za a sake tarawa. A rafin Falgore shanu sun sauko sun tattake bakin ruwan. A Tudun Wada saura ɗanyu, waɗanda ta bari don ba su nuna ba, ta yanka duk da haka. A Kiru ruwa ya ɗauke, na dutse ya murɗe ya zubar da komai. A Tiga an ƙarasa feshin ɗaya rabin, ana shirin noman rani. Na sa rai da rijiyarmu ta gida. Muka tarar da bangonta fes kamar an aske. Dattijon ya fito yana murna, ya ce tun da muka tafi labari ya bazu, mata har daga ƙauye suna aikowa, ya sa an kankare duka an raba. Ya tambaya ko da zuma ake sha.

Ɗanyun Tudun Wada ba su ba da ƙura ba, na Riruwai kaɗai ya rage mata. Malamin da ke duba aikinta ya ce ba a gwada wuri ɗaya da kansa, kuma gaskiya ya faɗa. Ta nemi a ƙara mata kaka ɗaya. Ba a ƙara ba.

Ranar da za ta mayar da makullin ɗakin gwaji ta ce in raka ta. Ta ɗebi garin Yaya a bakin allura, ta ɗiga masa ruwa a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin babban madubin da ke mai da ƙura kamar tsakuwa. Ta ce in duba. Na rufe ido ɗaya na duba. Ga su nan birjik a cikin dusar ganye da citta, masu launin zuma. Turmi bai fasa su ba. Wasu sun ɗan fi wasu girma, wasu ɓawonsu ya fi duhu da kauri. Ko ni na ga ba ɗaya suke ba.

"Ka gani, Baba? Akwai bambancin. Duk suna nan, ba wanda ya ɓata. Sai dai ba wanda zai faɗa mini garinsu."

Ta goge gilashin, ta rufe madubin da rigarsa, muka fito.

Yaya tana bugo waya duk Juma'a. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Auta, tana sha kuwa?" In ce tana gaishe ki. Ta ce a dage, irin wannan ba ya aiki da gaggawa.

Gwangwanin yana wurina, Ummi ta ce ba ta son ganinsa a ɗakinta, zubarwa kuma ba za ta iya ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakina ya san komai da sunansa a jiki: irin gero, irin wake, ƙusa, maganin ƙwari. Na yanko takarda na manna wa gwangwanin, na ɗauki biro. Har yau takardar fara ce.